Waiwaye: Shingen da ya rabu biyu

A wata gona kusa da ƙauyen Bolinas, arewa da birnin San Faransisko a jihar Kalifoniya ta Amurka, akwai wani shingen katako da aka kafa miƙe sak, irin wanda makiyayi kan yi don kada shanu su faɗa wa maƙwabci. Ranar Talata da yamma shingen nan guda ɗaya ne. Da gari ya waye ranar Laraba 18 ga Afrilu 1906, sai ga shi ya zama biyu. Bai faɗi ba, bai ƙone ba, turakunsa suna nan tsaye a ramukansu. Sai dai a tsakiyarsa an sami giɓi, rabin da ke ɓangaren teku ya matsa wajen arewa, ya bar ɗan'uwansa a baya da kamar mita biyu da rabi, faɗin da amalanke za ta wuce ba ta taɓa komai ba. Wani dattijon masanin duwatsu, G. K. Gilbert, yana cikin waɗanda suka bi yankin da na'urar ɗaukar hoto, kuma hotunan shingayen wannan gefe har yau ana buga su a littattafan makaranta. Can gaba kaɗan, kusa da Olema, hanyar da ta ratsa fadama ta goce da kusan mita shida.

A cikin birni kuwa ba wanda yake ta shinge. Da ƙarfe 5:12 na asuba ƙasa ta kama jijjiga, ta yi kusan minti guda tana yi. Manyan bututun ruwa suka karye, fitilu da murahu suka kife, gobara ta tashi a wurare da dama lokaci guda, ga 'yan kwana-kwana ba ruwa a famfo, ga shugabansu Dennis Sullivan kwance rai a hannun Allah, wani ɓangare na otal ɗin da ke maƙwabtaka ya rufto masa. Wuta ta ci kwana uku. Gine-gine kimanin 28,000 suka tafi, fiye da rabin mutanen birnin, waɗanda yawansu ya kai wajen 400,000, suka koma kwana a fili. Rayukan da aka rasa sun haura 3,000, ko da yake an daɗe kafin hukuma ta yarda da wannan adadi, kuma zan dawo kan dalilin.

Muna yara an gaya mana duniya a kan ƙahon sa take, in ya gaji ya mayar da ita ɗaya ƙahon sai ƙasa ta girgiza. Mutanen Japan na da can tarwaɗa suka ɗora wa laifi, wata ƙatuwa da ke kwance a ƙarƙashin tsibiransu. Kada mu yi musu dariya, don masana ma ba su fi su da nisa ba. Har ƙarshen ƙarni na 19 da yawansu suna ganin wani abu ne ke fashewa a cikin ƙasa, tururi ko wutar dutse, tsagar da ake gani a sama kuma tabo ce kawai da fashewar ta bari. Su ma manoman Olema sun ba da nasu labarin saniya: wai ƙasa ta buɗe baki ta haɗiye wata saniya, ta rufe, sai jela kaɗai a waje. Gilbert ya rubuta labarin yadda aka ba shi. Daga baya aka riƙa cewa saniyar dama ta riga ta mutu, masu ita ne suka ga rami ya samu a ɓagas suka tura ta ciki. Wanda ya san halin mutane da baƙo mai yawan tambaya zai fi karkata ga zance na biyu, balle ma irin wannan tsaga ba ta wangame baki ba ce, gocewa take yi.

Kwana uku bayan girgizar, gwamnan Kalifoniya George Pardee ya kafa kwamitin bincike, ya ɗora Andrew Lawson na jami'ar Berkeley a kai. Lawson ya san wurin. Shi ne a 1895 ya lura da wani kwari miƙaƙƙe a kudancin birnin, ya gane tsohuwar tsaga ce a cikin duwatsu, ya raɗa mata suna San Andreas, sunan tafkin da ke kwance a kwarin. Abin da bai sani ba shi ne tsawonta. Mutanensa suka bazu, wasu a ƙafa wasu a kan doki, suna bin sawun da girgizar ta bari kamar kunyar garma guda ɗaya da aka ja ta ratsa gonaki, makiyaya da gandun itatuwa. Duk inda layin ya gitta shinge, hanya, bututu ko jerin bishiyoyi sai su tsaya su auna. Ko'ina labarin ɗaya ne: in ka tsaya a gefe guda kana fuskantar layin, ɗaya gefen ya matsa zuwa hannunka na dama. Yanzu an san tsagewar ta kai kilomita 477, daga San Juan Bautista har zuwa yankin Mendocino. Rahotonsu ya fito a 1908. Kafin su, a Japan, Bunjiro Koto ya tsaya gaban gangaren mita shida da girgizar 1891 ta tayar a kwarin Neo, ya ce tsagar ce ta haifi girgiza, ba girgiza ce ta haifi tsaga ba. Ya faɗi gaskiya, amma ta yaya dutse ke yin haka, wannan ya rage.

Wanda ya warware ƙullin bai fi kowa yawo a jeji ba. Harry Fielding Reid, malamin jami'ar Johns Hopkins, tsofaffin takardun safiyo ya zauna da su. 'Yan safiyon gwamnati sun auna yankin sau biyu kafin girgizar, na farko tsakanin 1851 da 1865, na biyu tsakanin 1874 da 1892, suna kafa alamomi a ƙoƙuwar tsaunuka da tsibirai suna lissafa kusurwar da ke tsakaninsu. Bayan girgizar aka sake awo. Da Reid ya jera awon uku sai abubuwa biyu suka fito fili. Na farko, gocewar ranar 18 ga Afrilu ta fi yawa a bakin tsagar, tana raguwa in kana nisa da ita. Na biyu shi ne mai ɗaure kai: alamomin da ke can nesa, hagu da dama, sun daɗe suna tafiya. Cikin shekara hamsin kafin girgizar sun goce wa juna da wajen mita uku, ba wanda ya ji ko motsi.

Ke nan ƙasar ba ranar ta fara tafiya ba. Ɓangarorin biyu sun yi shekara da shekaru kowa ya kama gabansa, sai dai a wurin da suka haɗu sun cije da juna, bakin tsagar ya ƙi bi. Dutsen da ke kusa da layin sai ya riƙa lanƙwasa a hankali, kamar baka in maharbi yana jan tsarkiya. Mu kan ɗauki dutse abu ne da ba ya lanƙwasa, amma falalen dutse mai faɗin kilomita ɗari yana iya tanƙwara mita biyu ko uku bai karye ba, ya riƙe ƙarfin a jikinsa. Ranar da jan ya fi ƙarfin cizon, sai baki ya suɓuce, kowane gefe ya zabura ya miƙe ya tarar da 'yan'uwansa da suka riga shi gaba. Zaburar nan ita ce girgiza. Don ya nuna wa mutane abin a ido, Reid ya samo wani abu mai danƙo, kamar romon ƙafar sa da ya kwana ya daskare, ya manna katako gefe da gefe, ya tsaga tsakiya da wuƙa, ya ja layi a kai, ya riƙa tura katakon har wurin yankan ya suɓuce. Ya buga bayaninsa a 1910. Shingen Bolinas bashi ƙasa ta biya a kansa, bashin tafiyar da bakin tsagar ya ƙi yi tun kafin a haifi mai gonar.

Ni ban fahimci wannan a littafi ba sai a tsakar ajinmu na sakandare. Malamin labarin ƙasa ya shigo wata safiya da bulo guda da doguwar roba ta tif ɗin taya, irin wadda ake ɗaure kaya da ita a bayan babur. Ya ɗaura robar a bulon, ya ajiye a daɓen siminti, ya nuna ni da alli.

"Kai, zo ka ja. A hankali, kada ka fizga."

Na fara ja da baya, taku ɗaya bayan ɗaya. Roba tana miƙewa tana sirancewa, bulo ko gezau. Na ce, "Malam, ya ƙi tafiya."

"Ci gaba dai."

Ban rufe baki ba bulon ya yi wani ƙuuu ya zabura ya kusa take mini yatsa, aji ya kwashe da dariya. Ya sake tsayawa cik. Na ci gaba da ja yadda nake yi, ya sake zabura, wannan karon gajeriya. Malam ya ce wa 'yan aji kowa ya ɗaga hannu daidai lokacin da yake ganin bulon zai motsa. Aka yi ta yi, ba wanda ya ci sau biyu a jere. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hannuna bai canza sauri ba ko sau ɗaya, amma bulon ba ya bin hannuna sai da tsalle. Ashe abin da masana biyu na jami'ar MIT, William Brace da James Byerlee, suka nuna ke nan a 1966, da suka matse duwatsu masu tsaga a cikin injin gwaji suka ga suna cijewa, su suɓuce, su sake cijewa. Kukan ƙyauren da ya rasa mai ma haka yake samuwa, sai dai nasa tsallen ƙanana ne masu sauri.

Reid bai san wa ke jan robar ba. Amsar ta jira har shekarun 1960, lokacin da aka tabbatar ɓawon duniya ba guda ba ne, sakaina-sakaina ne kamar fasasshiyar ƙwarya da aka harhaɗa, kowace sakaina tana tafiya a kan dutse mai zafi da laushi da ke ƙarƙashinta. San Andreas, mai tsawon kilomita wajen 1,200, ita ce ɗinkin da ke tsakanin sakainar tekun Fasifik da ta Arewacin Amurka. Ta tekun tana gogar 'yar'uwarta zuwa arewa maso yamma da kimanin santimita biyar a shekara, kusan saurin tsirowar farce. Can ƙasa da zurfin kilomita goma sha biyar dutse yana da zafi, yana miƙewa kamar alewa, tafiya ba ta tsayawa. Sama ce mai sanyi da gautsi, ita ce mai cijewa. In ta suɓuce kuma ba gaba ɗaya take sakin jiki ba. Daga wuri guda ake farawa, tsagewar ta bi layin da gudun kilomita biyu zuwa uku a daƙiƙa, kamar yadda yadi ke yagewa in mai kanti ya ɗan yanka bakinsa ya ja. A wasu ƙasashen sakainun rabuwa suke yi, gefe guda ya zurma, kamar a yankin Afar na Habasha. A wasu kuma ɗaya ce ke cusa kai ƙarƙashin ɗaya, irin abin da ya tayar da igiyar teku a Sumatara a 2004 da Japan a 2011. Cizo da suɓucewar dai iri ɗaya ne.

Ga inda zancen ya fi ba ni sha'awa. Ba kowane yanki na tsagar ke cijewa ba. Tsakanin San Juan Bautista da Parkfield tana jan ciki kullum, a wasu wuraren har kusan santimita uku a shekara, saboda dutsen wurin yana da santsi. A garin Hollister, wanda wani reshe mai suna Calaveras ya ratsa, za ka ga kankaren bakin titi ya karkace, katanga ta yi doro, gida ya murɗe kamar an kama shi ta kunne. Baƙo in ya gani sai ya ce mutanen nan suna zaune a bakin mutuwa. Alhali yankin da ke rarrafe yana rage bashinsa kaɗan-kaɗan, yana tsaga daɓe yana ɓata wa magina rai, amma ba ya tara abin da zai biya a dare ɗaya kamar na 1906. Wurin da titi yake sumul, shinge miƙe, shekara ɗari ba a ji ko tari ba, a nan ne robar take miƙe. Shirun tsaga ba lafiya ba ne. A garin Hayward akwai wani kankaren bakin titi da masana suka yi shekaru suna zuwa aunawa suna kai ɗalibai kallo, saboda yadda ya goce. A 2016 ma'aikatan gari suka zo suka fasa shi suka zuba sabo, su a ganinsu gyara suka yi. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ba ta san an yi ba.

Irin wannan gyaran San Faransisko ta yi wa kanta bayan 1906, sai dai nata da gangan ne. Masu dukiya sun ji tsoron kada jari ya gudu in aka ce birnin yana kan ƙasa mai motsi. Gobara kowa ya san ta, ta ci Landan, ta ci Shikago, an sake ginawa. Girgiza kuwa tambari ce da ba ta goguwa. Dillalan filaye da gidaje suka yi shawara a daina cewa babbar girgiza, a riƙa cewa babbar gobara. Inshora ma ta taimaka wa ƙaryar, don takardun da yawa suna biyan asarar wuta ban da ta girgiza, har aka ba da rahoton wasu sun cinna wa gidajensu da suka tsage wuta da hannunsu. Adadin matattu da hukuma ta riƙe bai kai 500 ba. Sai da wata ma'aikaciyar adana tarihin birnin, Gladys Hansen, ta yi shekaru tana bin sunaye ɗaya-ɗaya, sannan a 2005 majalisar birnin ta amince da fiye da 3,000. An sake gina birnin cikin gaggawa, ba wata ƙwaƙƙwarar dokar gini da ta yi la'akari da jijjiga. Aka cike wata fadama a bakin teku da yashi da laka, aka yi gagarumin baje koli a kanta a 1915 don duniya ta ga birni ya farfaɗo, daga baya aka yanka filaye aka gina unguwar Marina. Ranar 17 ga Oktoba 1989 girgiza mai maki 6.9 ta taso daga tsaunukan Santa Cruz, kusan kilomita ɗari daga birnin. Cikon unguwar Marina ya koma kamar kunu, benaye suka durƙusa, wuta ta kama. Mutum 63 suka mutu a yankin baki ɗaya, 42 daga ciki a ƙarƙashin gadar sama mai hawa biyu da ta rufta a Oakland, inda ita ma ta ratsa tsohuwar laka.

A ganina laifin mutanen 1906 ba jahilci ba ne. Rahoton Lawson ya nuna ƙarara cewa gine-ginen da ke kan ciko da laka sun fi shan wahala a kan waɗanda ke kan dutse. Ilimin yana hannu tun 1908, aiki da shi ne ya zo a makare, kuma kowane mataki sai da aka biya kuɗinsa da rai. Dokar ƙarfafa ginin makarantu ta zo a 1933, wata guda bayan girgizar Long Beach ta rusa makarantu da dama, Allah Ya sa da yamma ne yara sun tashi. Dokar da ta hana kafa gidan zama a kan layin tsaga mai rai sai a 1972, bayan girgizar San Fernando ta 1971. Shekara 66 ke nan tsakanin shingen da ya rabu biyu da dokar da ta ce kada ka gina ɗakin kwananka a inda shingen yake.

Masana su ma sun sha nasu kashin. Tunda bashi ne ake tarawa da sauri sananne, ai sai a lissafa ranar biya. Ƙauyen Parkfield ya yi kama da agogo: girgiza mai maki shida ko kusa da haka a 1857, 1881, 1901, 1922, 1934 da 1966. A 1985 hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta sanar cewa kusan tabbas ta gaba za ta zo kafin 1993. Aka cika wurin da na'urori aka zauna jira. Ta zo ranar 28 ga Satumba 2004, ba sallama, ba wata alama da na'urorin suka kama kafin ta. Da malaminmu yana wurin da ya ce ai na gaya muku. Ana iya sanin wurin, ana iya kintatar girman gocewar, ranar ce ta gagara.

Wani zai ce to mu ina ruwanmu, kuma ai komai nufin Allah ne. Haka ne, amma sanin sababi bai taɓa kore ƙaddara ba, wanda ya san damina tana zuwa shi ke yaɓe soronsa tun da bazara. Gaskiya ne muna zaune a tsakiyar sakainar Afirka, nesa da bakinta, shi ya sa ba mu ga irin abin da ya sami Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairu 2023 ba, inda fiye da mutum 50,000 suka rasu. Amma tsofaffin tsagogi suna nan a duwatsunmu. Akara ta girgiza a Yunin 1939 har aka rasa rayuka, Gini ta rasa ɗaruruwa a Disambar 1983, mutanen Kwoi a kudancin Kaduna sun ji motsi a Satumbar 2016, na Mpape a Abuja a Satumbar 2018. Bene mai hawa huɗu da aka yi wa rowar rodi da siminti ba ya buƙatar maki bakwai kafin ya zauna.

Akwai wurin da aka ɗauki awon Reid da muhimmanci tun kafin a zuba harsashi. Lokacin da za a shimfiɗa bututun mai na Alaska, wanda aka kammala a 1977, masana suka ce zai gitta tsagar Denali, kuma wata rana tana iya gocewa da mita shida. Ba su ce yaushe ba, ba a kuma matsa musu su faɗa ba. A daidai wurin injiniyoyi suka ƙi binne bututun, suka yi masa tafiyar maciji, suka ɗora shi a kan takalma masu santsi da ke zamewa bisa dogayen ƙarafa da aka kwantar a ƙasa. Shekara 25 abin yana zaune kamar asarar kuɗi. Ranar 3 ga Nuwamba 2002 tsagar ta suɓuce da girgiza mai maki 7.9, ƙasa ta goce a ƙarƙashin bututun da fiye da mita huɗu. Bututun ya zame a kan ƙarafansa, wasu madogarai suka lalace, amma bai fashe ba, mai bai zuba ba.

A kudancin San Andreas, a filin Carrizo, akwai wani rafi da ake kira Wallace. Yana gangarowa daga tudu, in ya iso layin sai ya yi kwana zuwa dama, ya bi tsagar tsawon mita 130, sannan ya sake juyawa ya ci gaba da gangara. Da can miƙe yake. Masani Kerry Sieh da abokin aikinsa sun auna shekarun ƙasar da ke bakinsa suka gano gocewar ta taru ne cikin shekara kimanin 3,700, wato wajen santimita uku da rabi a shekara, amma da tsalle-tsalle irin na bulo. Tsallen ƙarshe an yi shi ranar 9 ga Janairu 1857, lokacin da Los Anjalas take ɗan ƙaramin gari mai 'yan dubban mutane. Tun daga ranar wannan yanki bai motsa ba. In ka ninka santimita uku da rabi da shekarun da suka wuce, abin da ake bin sa yanzu ya haura mita biyar.